Ƙwarya a Kife Bisa Ruwa

Shekaranjiya da hantsi matar mai gidan da muke zaune a nan Isa tana wanke-wanke a tsakar gida, sai wata ƙwarya ta suɓuce mata ta faɗa cikin baho a kife, ludayi ya biyo ya bugi bayanta. Dum. Ban san lokacin da na tsinci kaina a bayan ƙyaure ba, na toshe bakina da hannu biyu. Haka nake tun da muka baro ƙauye. Ƙarar babur, faɗuwar murfin tukunya, ko yaro ya bugi ƙofa da ƙarfi, duk ɗaya ne a wurina. Sai da numfashina ya dawo na gane wannan ƙarar ba ta tsoro ba ce. Na san ta tun ban san dama da hagu ba. Ƙarar ƙwaryar kakata ce.

In ba ka taɓa jin kiɗan ruwa ba, ga yadda yake. Ana cika masaki da ruwa, a kife ƙaramar ƙwarya a bisa tana yawo, a riƙa bugun bayanta da 'yan sanduna biyu. Sautin ba a kunne yake tsayawa ba, cikin ciki yake sauka. A ƙauyenmu, can wajen Turba, Kaka ce mai wannan kiɗa, kuma ita ce mai bayar da waƙa mata su amsa. Suna, biki, ranar da mai jego ta gama wanka, duk sai an aiko mata da goro. Gajeruwa ce, baƙa, da tsagar Gobirawa daga gefen baki har kunne, in tana waƙa sai ka ga tsagar tana motsi kamar ita ma tana amshi. Sunanta aka sa mani, shi ya sa Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce uwata. Ita kuwa takwara take ce mani, kuma duk inda za ta ni ke ɗaukar mata masaki a ka. Ta haka waƙoƙinta suka shige ni ba tare da kowa ya zaunar da ni ya koya mani ba.

Sai shekarun fari suka zo. Ina 'yar firamare lokacin. Na tuna gawon da ke bakin gonarmu ya zubar da ganye tsaf, kamar yadda ya saba in damina ta kusa, ya tsaya tsirara yana jira, damina ba ta zo ba. An yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa, ruwa ya yi yayyafi sau ɗaya, gero ya tsiro ya kai tsawon yatsa, rana ta ƙone shi. Aka sake shuka da ɗan irin da ya rage, shi ma haka. Hadari ya kan taso daga gabas baƙi ƙirin, mu yara mu fita muna tsalle, sai iska ta kwashe shi ta yi arewa da shi, ta bar mu da jar ƙasa a haƙora. Maza da yawa suka tafi neman abinci, wasu Sabon Birni, wasu suka bi fatake suka ƙetara Nijar. A gida muka koma cin anza, 'ya'yan icen nan masu ɗaci da sai an jiƙa an tsiyaye, an jiƙa an tsiyaye kafin su ciwu. Rijiyar gari kuwa ta ja baya har sai an ƙulla igiya bisa igiya, guga ya fito da rabin laka.

Al'adar garinmu ita ce, in maza sun fita sallar roƙon ruwa sun dawo sama ba ta ce komai ba, sai tsofaffin mata da 'yan mata su fita nasu. Su sa rigunan mazansu da huluna, su saɓa hauya, su tafi gindin tsamiyar da ke bakin gulbi. Kowane gida ya kawo ludayi guda na ruwa a zuba cikin masaki ɗaya, a kife ƙwarya. Daga nan sai kowa ya yi tsit. Mai bayarwa ce za ta ɗauko baitin farko ita kaɗai, ba mai taya ta, sai ta kai ƙarshensa sannan mata su amsa. Malamai ba su cika son abin ba, amma ba su hana ba. Wa zai hana mai ƙishi kuka?

A shekarar farko ta farin, tari ya kama Kaka, ya tafi da muryarta, ya bar mata wata 'yar shaƙaƙƙiya kamar ana jan kara a ƙasa. Matar maƙerin garinmu ce ta bayar a madadinta. Mace ce doguwa mai fara'a, muryarta kuma ba laifi. Amma aka yi rashin sa'a, tana cikin bayarwa hadarin da ya haɗu ya watse a idon kowa. Tun daga ranar aka sa mata suna mai korar hadari. Da wasa aka fara, a bakin rijiya, har yara suka ɗauka. In ta fito da tulu sai ka ji wani ya ce a ɓoye gajimare ga ta nan tafe. Tana dariya, amma ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki. Ni ma na faɗa mata sunan a bayan idonta, kamar kowane yaro.

Da shekara ta zagayo farin bai tafi ba, aka rasa mai bayarwa. Wannan ta ce haƙori ke mata ciwo, waccan ta ce mijinta bai yarda ba. Tsofaffi suka taru a ɗakin Kaka suna ta jimami, ni ina gefe ina tsince anza. Sai na ji ta ce da 'yar muryar nan tata, ba ta ko dube ni ba:

"Takwara za ta bayar bana."

Wata tsohuwa ta ce ai yarinya ce. Kaka ta ce to da ma roƙon wanda bai tara zunubi ba ya fi saurin hawa, su da suka tara nasu sai su riƙe amshi. Aka yi dariya, magana ta zauna. Ni kuwa da farko har daɗi na ji. Na san waƙar kamar yunwar cikina. Ina rera ta in ina shara, ina rera ta a hanyar makaranta.

Washegari da la'asar Kaka ta zaunar da ni a bayan ɗakinta, inda akuyarmu take ɗaure, ta ce in bayar ta ji. Ta yi shiru, ta zuba mani ido. Na buɗe baki. Wallahi babu abin da ya fito. Baitin yana nan a kaina, kalma bayan kalma, ina ganinsa, amma maƙogwarona ya rufe kamar an ɗaure bakin buhu. Na haɗiye yawu na sake gwadawa, sai iska. Abin mamaki, da ta tashi ta shiga ɗaki, na ɗauki tsintsiya, waƙar ta zubo da kanta. Ta leƙo ta ce yauwa, sake. Waƙar ta sake ɗaukewa. Haka muka yi ta yi kwana da kwanaki. Duk lokacin da aka yi shirun nan na jira, shirun da ake yi kafin baitin farko, sai in ji kamar an tsayar da ni a bakin rijiya an ce in taka. Na daina cin ɗan abincin da ake ba ni. Na fara addu'a a zuciyata Allah ya sa ni ma tari ya kama ni.

Kaka ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma ce in daure ba. Wata safiya sai na ga ta jawo masakinta daga ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe, ta juye ruwan butarta a ciki, ta ƙara da na 'yar randarta, wanda aka ɗebo mata ta sha ta yi alwala. Baba yana shirin fita ya gani, ya tsaya. Mutum ne mai kunyar mahaifiyarsa, da ƙyar ya ce:

"Inna, ruwan alwalarki na hwa."

"Ruwan da ƙwarya taz zauna bisa bai ƙazanta ba," in ji ta. "Tahi ka tambayi liman in ba ka yarda ba."

Bai je ba. Kuma haka ta yi ta yi da ruwan nan: da safe mu yi kiɗa a kansa, in azahar ta yi ta ɗiba ta yi alwala a kan wani kasko don kada ya zube ƙasa, abin da ya taru a kaskon ta ba akuya. Rana kuma tana shan nata rabon. Sai daga baya na lura kofin da take sha ya koma rabi, leɓɓanta sun tsage. Ban taɓa jin ta ambata ba.

Ta miƙa mani sandunan ta ce kada in yi waƙa, in yi kiɗa kawai. Na yi ta bugu har kafaɗuna suka saki. Ta ce abin da ke kashe ni shi ne ina son in fara daga shiru, alhali ba wanda ke farawa daga shiru. Mai daka ba ta fara waƙa sai taɓarya ta sauka, mai niƙa sai dutse ya ja. Ta ce hannu shi ke yin gaba, baki ya biyo, kamar jaki da mai shi. In na ga shirun nan ya taso mani, kada in tsaya kallonsa, in buga ƙwarya in fasa shi, in yi ta bugu har sai numfashina ya hau kan kiɗan, sannan in saki baitin ya hau shi ma. Ta kuma hana ni farawa daga farko. Ta ce in fara daga baiti na ƙarshe, wanda na fi so, in riƙa ja da baya ɗaya bayan ɗaya, don in na zo ga na farkon in tarar duk hanyar da ke gabansa na riga na taka ta.

Dabarar ta yi aiki, amma ba duka ba. Na kan bayar da kowane baiti lafiya lau, akuya tana kallona tana tuƙa. Na farkon nan dai, da na zo kansa, sai hannun ma ya tsaya. Kaka ta karɓi sandunan ta ajiye, ta matso har ina jin ƙamshin goron da take tsotsa.

"Mi kika tsoro, takwara? Ba mutane na ba. Hwaɗa man."

Sai kuka ya ƙwace mani. Na ce ina tsoron in ɓata waƙar hadari ya watse, gero ya mutu, a ce ni ce. Na ce ina tsoron mutanen gari su mutu da yunwa saboda bakina. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ni kaina ban san shi ke zaune a maƙogwarona ba sai da na ji shi a waje.

Kaka ta yi dariya har tarin ya taso mata, ta dafa bango. Da ta samu numfashi ta ce:

"Ashe ke ad da makullin sama, takwara, kib bar mu muna cin anza? To buɗe muna mu huta."

Sannan ta ba ni umurnin da har yau in na tuna sai in yi murmushi. Ta ce in ɓata waƙar. Da gangan. In juya baitin, in sa ƙarshe a farko, in yi shi da muryar akuya, in yi shi da muryar jaki. Na ce haram, waƙar roƙo ce. Ta ce ba roƙo muke yi yanzu ba, gwaji muke yi, kuma Allah ya san bambancin ko da ni ban sani ba. Na yi, a tsorace. Ta ce bai ɓaci sosai ba, in ƙara. Na ƙara, har akuya ta amsa mani, muka fashe da dariya mu biyu. Sai ta kama haɓata ta ɗaga.

"Dubi sama. Ta hwaɗo?"

Sama tana nan yadda take, fara fat, shaho ɗaya yana shawagi. Ta ce to yanzu in yi shi daidai, mafi kyawun da za ni iya. Na buga, na bayar, ya fita tsaf tun daga farko har ƙarshe, karo na farko. Ta sake ɗaga haɓata. Sama ba ta canza ba, shahon ma bai gusa ba. Ta ce na gani? Ɓatawata ba ta kori hadari ba, gyarawata ba ta jawo shi ba. Roƙo shi ne namu, ba da ruwa kuwa na Mai shi ne. Ta gaya mani ita kanta ta bayar a gindin tsamiyar nan tun tana amarya, kuma fitar da aka dawo a bushe ta fi wadda aka dawo a jiƙe yawa nesa ba kusa ba, sai dai mutane na jiƙen kawai suke tunawa. Ta ce abin da aka yi wa matar maƙeri zalunci ne, kuma da a ce muryarta na nan da ta faɗa wa gari a waƙe.

Ranar fita, aka sa mani rigar Baba, ta sauko har ƙasa ina takawa, hularsa ta rufe mani gira. Rana ta take. Gulbi ya zama rairayi zalla, sai sawun shanu. Mata suka zo ɗaya bayan ɗaya suna juye ludayinsu a masaki, wata ruwanta ja, wata fari, wata rabin ludayi ne ma tana ba da haƙuri. Can baya, nesa da kowa, na hango matar maƙeri cikin rigar mijinta mai ramukan wuta. Kaka ce ta je har gida ta jawo ta. Aka kife ƙwarya. Aka yi tsit.

Shirun ya taso mani kamar yadda ya saba, kuma ya fi na bayan ɗaki girma. Kaka tana zaune a gefena, sai ta sa yatsa ta ƙwanƙwasa bayan hannuna. Na buga. Dum. Na sake. Na yi ta bugu, ya daɗe fiye da yadda aka saba, har na ji wata tana gyaran murya. Ban kula ba, na jira numfashina ya hau. Sannan na saki:

"Ya Mai sama, ga bayinka bisa rairayi,
ƙwarya wofi, baki bushe."

Muryata ta tsage a tsakiya, kalmar ƙarshe ta fita kamar kukan ɗan tsako. Sai wata murya mai ƙarfi ta taso daga can baya, ita kaɗai, ta amsa: "Jiƙa muna, Mai jiƙawa." Matar maƙeri ce. Sauran mata suka bi ta kamar an buɗe dam. Daga nan ban san yadda aka yi ba, baiti yana kiran baiti, tsofaffi suna kuka cikin hulunan mazansu, ruwan masaki yana fantsalo mani a fuska.

Ba a yi ruwa ranar ba. Ba a yi washegari ba. Sai can da aka riga aka fid da rai da gero sannan ya sauko, aka samu ɗan wake. A hanyar komawa gida wani saurayi da ke zaune a gindin bango ya ce to ga sabuwar mai korar hadari. Kaka ta tsaya, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ai gobe ma akwai rana, ya ari zanen uwarsa ya zo ya bayar mu gani. Sunan bai kama ni ba, kuma a hankali ya saki matar maƙeri. Da muka isa gida Kaka ta ce na ja baiti na uku fiye da kima, in gyara. Yabon da na samu ke nan, sai rabin goro.

Kaka ta rasu ina aji biyu a sakandare, a kan gadonta, cikin damina mai albarka. Na kan gode wa Allah da bai nuna mata ranar da muka bar gari ba. Ba ni son in faɗi abin da ya faru dalla-dalla. Da safe ne, babura suka shigo, muka kwanta cikin gero, na danne bakin ɗan ƙanena da tafin hannu har rana ta karkata. Gero ya yi kyau bana, ya fi mutum tsawo, shi ya ɓoye mu, kuma can muka bar shi ba wanda ya girbe. Tun ranar jikina ya yarda cewa murya abin kashe mutum ce. Ko sallama a hankali nake yi. Masakin Kaka da ƙwaryarta suna can ƙarƙashin gado, in gadon yana nan.

Matar yayana ta haihu makon nan, haihuwar farko a cikinmu tun da muka watse. Matan garinmu za su zo suna, na nan Isa, da na Sabon Birni, har da waɗanda suka ƙetara. Matar maƙeri ta zo barka, ta tsufa, ta rame, fara'ar dai na nan. Ta ce jinjirin nan ba za a raɗa masa suna shiru kamar ɗan sata ba, ni za ni bayar, ita ta riƙe amshi. Na ce mata ba ni iyawa, muryata ta tafi. Ta ce ta ji, ta ɗauki mayafinta, ta ce sai ranar.

Jiya da la'asar na ari bahon nan da ƙwaryar nan wurin matar mai gida. Ruwa ba wuya a nan, famfo yana bakin titi, na cika shi har yana zuba, abin da Kaka ba ta taɓa samu ba. Na zauna a bayan ɗaki na karya kara biyu. Sai tsoro ya taso mani. Wannan tsoron ba irin wancan ba ne, na sani, wancan na yarinta ne, wannan kuwa na ga abin da ya haife shi da idona. Amma wuri ɗaya suke zama a maƙogwaro. Na buga a hankali, ƙarar ta sa na waiga. Ba kowa, sai kaji. Na ƙara bugawa. Na fara daga baitin ƙarshe na waƙar suna, na ja da baya, na ja da baya, har na iso na farko. Ya fita a tsage, ƙarami, ya fi na gindin tsamiya muni.

Na ɗaga kai na dubi sama. Tana nan inda take. Na gyara zama na sake bugawa.